Maigadin da Ya Hana Kansa Fita

Yayana ya yi shekaru yana aikin bin takardu, abin da a nan Makka muke kira mu'aƙƙib. In iƙamarka, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ko kana son sabunta lasisin shago, ko an rubuta sunan ɗanka ba daidai ba, shi za ka miƙa wa fayil ya shiga ofis-ofis ya fito maka da hatimi. Ya san tagar da ake buɗewa da wuri, ya san ma'aikacin da ba a yi wa magana sai ya gama shayinsa. A unguwar Mansur, inda aka haife mu, har tsofaffin da suka girmi Baba suna miƙewa su gaishe shi.

Da aka mayar da yawancin ayyukan nan cikin waya, sai masu nemansa suka ragu, ofishin da yake yi wa aiki ya sallame shi. Ban ce wannan ne ya jawo ciwon ba, likita ma ya ce ba shi ba ne. Ni dai a lokacin na fara lura. Wata safiya Inna ta miƙa masa burodin tamis da wake, ya ce ta nuna masa katinta tukuna. Muka yi dariya. Washegari muka tarar ya buga hatimi a ƙofar firiji, da murfin tukunya, da bayan hannun ɗiyata. Bayan mako biyu ya daina cin abinci. Ya ce an musanya takardunsa, babu sunansa a ko'ina, don haka shi babu shi. Ya riƙa tsayawa a bakin titi yana tare masu wucewa, yana roƙonsu su shaida cewa suna ganinsa. An yi masa ruƙiyya, an yi addu'o'i, daga ƙarshe mijina da wani maƙwabci suka kai shi asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa. Ya yi wata biyu a can.

Da aka sallamo shi ya yi ƙiba, ya yi shiru, hannunsa na ɗan rawa. Inna ta tsufa, gwiwa ta hana ta ko hawa matakala, don haka ni na ɗauke shi zuwa benen da muke haya a unguwar Shisha. Kwana goma muka yi lafiya. A na goma sha ɗaya ya fitar da kujera ya ajiye a kan matakala, ya fara tambayar maƙwabta takardunsu. Wasu suka nuna don a zauna lafiya. Mai gidan da kansa ya zo duba famfo, Yaya ya hana shi hawa, ya ce hoton katin bai yi kama da shi ba. Gaskiya bai yi kama ba, mutumin ya rina gemu. Da yamma mijina ya zaunar da ni.

"Yayanki yayana ne," in ji shi. "Amma mai gida ya ce ko shi ko mu."

Wata ƙawar Inna ce ta ba mu labarin wani gida a unguwar Jarwal. Tsohon bene ne mai hawa uku, a wani lungu bayan otal-otal ɗin alhazai. Wani attajiri ne ya gina shi tun da daɗewa ya bar shi wakafi, don mutanenmu da suka zo aikin Hajji ciwo ya hana su komawa. Yanzu maza bakwai ne a ciki, duk masu taɓin hankali waɗanda ciwonsu ya lafa amma danginsu ba su iya riƙe su. Jikar attajirin ce ke kula da gidan, wata dattijuwa doguwa mai gilashi da kowa ke kira Hajiya kawai. Akwai mai dafa abinci, akwai nas da ke zuwa sau biyu a mako.

Hajiya ta karɓe mu a zaure, ta dubi Yaya da kyau, ta ce akwai ɗaki na huɗu. Amma tana da sharaɗi biyu.

"'Yata, ni ɗaki gare ni da shinkafa. Ki kawo min takardar likita cewa ya natsu, zai iya zama cikin mutane. Sannan ki kawo katin tamin, don maganinsa da zuwan nas ba daga aljihuna za su fito ba."

Tamin shi ne inshorar lafiya. A nan matsalar ta fara. Mu a Makka aka haife mu, amma Baba ya rasu bai kammala maganar zama ɗan ƙasa ba, da iƙama muke zaune. Inshorar Yaya ta ofishinsu ce, ranar da suka sallame shi ta tsaya. Ta mijina kuwa ni da yara kawai ta ɗauka. Na je kamfanin inshora, na ja lamba, na zauna. Da aka kira ni, wani matashin ma'aikaci mai ladabi ya yi min bayani a hankali. Sai Yaya ya sami aiki kafin a yi masa kati. Kafin a ɗauke shi aiki kuma sai likita ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. Sannan kafin katin ya ɗauki maganin ƙwaƙwalwa, sai likita ya rubuta cewa ba shi da lafiya.

"To wanne zan kawo?" na tambaye shi.

"Duka, ya ukhti. Amma ta rashin lafiyar za ki fara kawo mana mu buɗe fayil."

Likitan Yaya wani dattijo ne mai sanƙo wanda ba ya mamakin komai. Na faɗa masa, ya jawo takarda biyu, ya rubuta su da biro ɗaya a zama ɗaya. Ta farko ta ce Yaya yana cikin natsuwa, zai iya aiki da zama da jama'a. Ta biyu ta ce yana fama da ciwo mai tsanani da ke buƙatar magani ba yankewa. Ya sa kowace a ambulan fari.

"Duka biyun gaskiya ne," ya ce. "Ki dai kula kada ki haɗa su a hannu ɗaya."

Na haɗa su a jaka ɗaya. A Jarwal Hajiya ta buɗe tata, ta karanta, ta cire gilashi ta ce, "Wannan bawan Allah ai asibiti ya kamata a mayar da shi yau ɗin nan." Yaya na zaune kusa da ita yana shan shayinta. Ban gane ba, na ɗauka ta canza ra'ayi ne, na ja shi muka wuce kamfanin inshora rai a ɓace. Can ma'aikacin ya buɗe tasa, fuskarsa ta washe, ya ce, "Mabruk! Allah ya ba shi lafiya. Ba ya buƙatar komai daga wurinmu."

A cikin tasi Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun a ƙofar asibiti na ga kin musanya su."

"Ka gani? Me ya hana ka faɗa min?"

"Ba ki ba ni wakilci ba."

Na ciro tsohuwar takardar kanti daga jaka, na rubuta a bayanta cewa na wakilta yayana a kan duk abin da ya shafi yayana, na sa hannu. Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Daga nan ya ce wa direba ya juya Jarwal.

Tambaya ɗaya ya yi wa Hajiya. "Gidan nan yana da gurbin maigadi a takardar wakafi?"

Ashe akwai. Tsohon maigadin ya rasu shekarun baya, ba a sa kowa ba, sai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala da aka cika da tsofaffin katifu. Yaya ya ce to a ɗauke shi. In an ɗauke shi aiki za a yi masa kati, in an yi kati za a ba shi ɗaki na huɗu. Hajiya ta sake sa gilashinta, ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa jin an ɗauki mara lafiya gadin kansa ba, amma ba ta ga inda aka hana ba.

Shi ya cike takardun duka, da rubutunsa mai kyau kamar na ɗab'i. Sau uku muka koma kamfanin. A zuwa na uku ma'aikacin ya ce hoton da muka kawo bangonsa ba fari sosai ba ne, ni kuma na fashe. Na buga teburin, na yi Larabci, na yi Hausa, mayafina ya zame, takalmina ɗaya ya fita. Yaya na tsaye a gefe cikin farar jallabiya mai guga, fayil a hammata. Ma'aikacin ya matso kusa da shi ya rage murya.

"Ita ce mai larurar?"

"Tana ƙoƙari," in ji Yaya.

Aka kawo min ruwa, aka ba ni kujera mai laushi, kuma a ranar aka karɓi hoton.

Haka Yaya ya zama mutum biyu a kabad ɗin Hajiya. Fayil ɗaya na maigadi, ɗaya na mai ɗaki na huɗu. Aka sa masa tebur da kujera a zaure, ya kawo hatiminsa da hula ta musamman da yake sawa in yana bakin aiki. Gidan yana da doka tun kafin zuwansa: mazauna ba sa fita sai an sani, domin an taɓa neman wani kwana biyu kafin a same shi a tashar bas. Yaya ya mayar da dokar takarda. Mai son fita ya rubuta inda za shi, maigadi ya duba ya buga hatimi. Mutanen gidan suka so abin fiye da yadda kowa ya zata. Wani ma yakan nemi izinin fita ya je bakin ƙofa ya dawo, don dai a buga masa.

Wata guda bayan haka ranar ganin likitansa ta zo. Na iso da tasi da hantsi, na ce wa direba minti biyu. Na tarar da Yaya a teburinsa, da hula.

"Yaya, tashi mu tafi."

"Mai ɗaki na huɗu ba shi da izinin fita."

Na ɗauka wasa yake. "To ya nema mana."

"Ya nema. Na ƙi."

"Saboda me?"

Ya jawo takardar ya nuna min. Rubutunsa ne a sama yana neman izini, rubutunsa ne a ƙasa da jan biro yana ƙi. "Babu sa hannun mai kula da shi. Kuma jiya ya makara shan maganin rana."

Na fizgi biro na sa hannu. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ta cika, amma ana shigar da takarda ne kwana ɗaya kafin fita. In dawo gobe. Direba na ta danna hon a waje. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ce likita ba zai sake ba mu lokaci ba sai wani watan, maganinsa kuma saura na kwana uku. Ya ce ya fahimta, kuma yana tausaya wa mai ɗakin, amma in ya yi wa mutum ɗaya alfarma sauran bakwai za su ji.

Hayaniyata ce ta sauko da Hajiya. Ta tsaya a matakala ta saurara, ba ta yi gardama da shi ba ko kaɗan.

"Maigadi," ta ce, "aikenka zan yi. Ka raka mai ɗaki na huɗu asibiti, ka tabbata ya ga likita, ka dawo min da shi."

Yaya ya yi tunani. "In da rakiyar ma'aikaci ne, doka ta yarda. Amma ƙofa fa?"

Hajiya ta tattara zanenta ta zauna a kujerarsa. Ya miƙa mata hatimi, ya sa ta sa hannu cewa ta karɓa, ya nuna mata wanda ba a bari ya fita shi kaɗai. Sannan muka tafi.

Mun kusa fita daga Jarwal, muna tsaye a cunkoso bayan wata bas ta alhazai, ina ta huci, sai ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Kin ɗauka ban san ni ne ba?" ya ce a hankali. "Na sani sarai. Amma har yanzu wani lokaci ina jin ana ce min in fita, in yi ta tafiya kada in tsaya. In na saba fita ba takarda, ranar da muryoyin nan suka matsa min wa zai hana ni? Shi ya sa nake tsananta masa."

Na juya ina kallon taga don kada direba ya ga fuskata. Tun daga ranar ban sake yi masa faɗa a kan takarda ba. Ranar jajibirin ganin likita nakan biyo ta Jarwal in sa hannu.

Ana nan sai kamfanin inshora ya lura cewa adireshin wurin aiki, da na gida, da na inda nas ke zuwa duk ɗaya ne, suna kuma ɗaya. Suka turo mai bincike ya ga ko aikin na gaskiya ne. Ban kasance a wurin ba zuwansa na farko, mai dafa abinci ce ta ba ni labari. Yaya ya nemi katinsa, ya nemi takardar da aka turo shi da ita, ya ga babu kwanan wata a jiki, ya sallame shi. Mutumin ya dawo washegari da kwanan wata, ni ma Hajiya ta kira ni na zo.

Mai binciken ya yi wa maigadi tambayoyi a zaure, ya duba takardun fita da aka jera a fayil, ya ce ko a ofishinsu ba a tsara abu haka. Sannan ya ce yana son ganin mara lafiyan. Yaya ya ce bismilla, ya shige gaba, muka bi shi hawa na biyu. A ƙofar ɗaki na huɗu ya ce mu ɗan jira. Ya shiga ya rufe. Bayan ɗan lokaci muka ji, "Ku shigo."

Yana zaune a bakin gado, ba hula, hannuwa a cinya. Mai binciken ya dube shi, ya dube ni, ya dubi Hajiya. Hajiya ta tsura wa silin ido. Sai kawai mutumin ya ciro takardar tambayoyinsa ya fara daga ta ɗaya. Yana shan magani? Yana sha. Yana samun barci? Alhamdu lillahi. Ma'aikatan gidan suna kyautata masa?

"Maigadin yana da tsanani," in ji Yaya, "amma ba ya zalunci."

Mai binciken ya rubuta. Da zai tafi, Yaya ya riga shi sauka, ya sa hula, ya buga masa hatimin fita.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo. Kamfanin ya gamsu, aikin na gaskiya ne, ciwon ma na gaskiya ne, kati zai ci gaba. A ƙasa aka ƙara shawara ɗaya: tunda da alama maigadin da mara lafiyan 'yan uwa ne, bai dace su riƙa kwana ɗaki ɗaya ba. Hajiya ta karanta mana a zaure da babbar murya, ta yi dariya har da tari, ta rasa a wane fayil za ta sa ta. Yaya ya ce a yi kwafi.

A cikin shekarar ya gyara wa mutum huɗu na gidan takardunsu, waɗanda danginsu suka gaji suka bari. Yana zaune a teburinsa yake faɗa wa 'yan uwansu tagar da za su je da abin da za su ce. Fayil ɗaya ne ya gagare shi, na wani tsoho daga wajen Damagaram da ya zo Hajji tun yana saurayi bai koma ba, ba shi da ko guntun takarda. Babu kamfanin da zai yi masa kati. Maganinsa Hajiya ce ke nemowa wurin masu taimako, wani watan a samu, wani watan a makara. Yaya ya yanka kwali daidai girman katin inshora, ya rubuta sunan tsohon da garinsu, ya buga hatimi, ya kai shago aka lulluɓe shi da roba. Ya gaya masa gaskiya cewa katin ba ya aiki a asibiti. Tsohon ya ce ba komai. A wuya yake rataye shi, a cikin riga.

Shekara biyu da wani abu Yaya ya yi a ɗaki na huɗu. Sai wata rana likita ya ce ciwon ya kwanta sosai, zai ci gaba da magani amma ba ya buƙatar gidan jinya. Na yi murna, na share masa ɗaki a Shisha, mun ma canza bene, sabon mai gidan bai san komai ba. Hajiya kuma ta ce sharaɗin wakafi ɗakunan sama na marasa lafiya ne, ga wani mutum can danginsa na jira tun bara.

Yaya ya rubuta takardar barin ɗaki, ya amince da ita a ranar ba jinkiri. Amma ya ce Shisha ba za shi ba, shi ma'aikaci ne, kuma maigadi yana da ɗakinsa. Muka kwashe tsofaffin katifun nan daga ƙarƙashin matakala, mijina ya yi fenti, muka sauko da gadonsa da akwatinsa.

Ranar ce Inna ta fara ganin inda yake kwana, tunda yanzu ba hawa. Muka kawo ta a tasi da kular tuwo da miyar kuka. Ta zauna a bakin gadon, ta shafa bango, ta dubi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ɗakin ai ba taga."

"Na shigar da takarda, Inna."

"Wurin wa?"

"Wurin Hajiya. Tana dubawa."

Hajiya daga zaure ta ce ta duba, sai bayan Hajji, yanzu magina duk suna otal-otal. Inna ta ce to a bar ƙofa a buɗe kafin nan, ta zuba masa tuwo, ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

An fasa tagar bayan Hajji kamar yadda aka ce. Bangon otal ɗin baya take kallo, taku biyu tsakaninsu, ko rana ba ta shigowa. Ya aike ni kasuwa na sayo masa labule shuɗi, ya rataya da kansa.